Lambar gaba da lambar ƙasa wajen daidaita lissafin sinadarai

Lambar gaba da lambar ƙasa lambobi ne iri biyu da ake gani a rubutun haɗuwar sinadarai, kowacce da aikinta. A makarantun Garwa, Marwa da Njamena, inda ake karatu da Faransanci, ɗalibai kan kira ta farko kofisiyan, ta biyu kuma andis. Lambar ƙasa ita ce 'yar ƙaramar da ke maƙale a gindin harafi, kamar 2 ɗin da ke cikin H₂O, wato ruwa (H haidurojin, O oksijin). Tana faɗin yawan atam, wato ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta, a cikin molikul guda, wato dunƙulen atam da suka haɗu. Lambar gaba kuwa babba ce, tana zuwa kafin dukan sunan, kamar a 2H₂O, ita ke faɗin molikul nawa ake nufi. Inda ba a rubuta lamba ba, 1 ce.

Asali

Daidaitawa ita ce a sa yawan atam na kowane sinadari ya zama ɗaya a hagun kibiya (abin da ya shiga) da damanta (abin da ya fita). Dalilinta shi ne ka'idar da Antuwan Labuwaziye ɗan Faransa ya kafa a littafinsa na 1789: idan sinadarai suka haɗu, nauyin abin da ya shiga daidai yake da nauyin abin da ya fita. Atam ba ya ɓacewa, ba ya kuma tsirowa daga babu, abokin zama kawai yake sauyawa. Rubuta sinadarai da haruffa kuwa Barzeliyus ɗan Suwidin ne ya shigo da shi wajen 1813, sai dai shi a saman harafi yake ɗora lambar. Daga baya aka sauko da ita ƙasa.

Abin da ba a taɓawa

Wajen daidaitawa lambar gaba kaɗai ake sauyawa. Mai awo a kasuwa yana iya ƙara kwano ko ya rage, amma ba zai mai da gero dawa ba don lissafi ya fita. Lambar gaba ita ce yawan kwano, lambar ƙasa ita ce irin hatsin.

A H₂ + O₂ → H₂O, oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ɗalibi mai gaggawa sai ya liƙa 2 a gindin O, ya sami H₂O₂. Ƙidaya ta yi daidai, amma ruwan sha ya tafi: wannan ruwan wanke ciwo ne da ake saya a kantin magani, mai kumfa in ya taɓa rauni. Amsar ita ce 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Haka CO₂ da CO: atam ɗin oksijin ɗaya ne tsakaninsu. Gawayi da ya sami isasshiyar iska yana ba da CO₂. Wanda aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa da taga cikin hunturu yana fitar da CO, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci.

Yadda ake ƙidaya

Ana ninka lambar gaba da ta ƙasa: 3H₂O na da haidurojin 6, oksijin 3. Lambar da ke bayan baka tana shafar duk abin da ke cikin bakan. Takin yuriya da manoman auduga da masara suka sani ana rubuta shi CO(NH₂)₂, wato naitirojin 2, haidurojin 4. Nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Gas ɗin girki, butan, misali ne mai ɗan gardama. An fara da C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O. Kabon 4 ne, sai a sa 4 gaban CO₂. Haidurojin 10 ne, sai a sa 5 gaban H₂O. Oksijin ake bari ƙarshe, tunda shi kaɗai yake tsaye a hagu, sauya lambarsa ba ya ɓata sauran. A dama ya zama 8 da 5, wato 13, alhali shi bibbiyu yake zuwa, ke nan O₂ shida da rabi. Don kauce wa rabin sai a ninka komai biyu:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Al'ada ita ce a tsaya kan cikakkun lambobi mafi ƙanƙanta.

Lamba da nauyi

Lambar gaba ba giram take faɗi ba, adadi take faɗi, na molikul ko na mol, wato ma'aunin da ake ƙidaya tarin molikul da shi. A Figil da ke arewacin Kamaru, inda ake haƙar dutsen farar ƙasa ana yin siminti, gasa dutsen na bin CaCO₃ → CaO + CO₂, wanda ya zo a daidaice, ko'ina 1. Amma a ma'auni, kilo 100 na tsantsar dutsen yana ba da kusan kilo 56 na CaO, sauran 44 ɗin su bi iska.