Mamatsin bakin kwanson harsashi

Mamatsin baki ɗan bututun ƙarfe ne mai zare a jikinsa, wanda ake ɗaurawa a kan injin matsi a matakin ƙarshe na sake cika harsashin ƙaramar bindiga. Aikinsa shi ne ya mayar da bakin kwanso ya kwanta a jikin kan harsashi, wato ɓangaren da ke fita in an harba. Kafin a dasa kan, sai an ɗan buɗa bakin kwanson don kada ya kankare dalma ko rufin jan ƙarfe. Wannan buɗar ce mamatsin ke rufewa. Kamfanoni irin su Lee da RCBS da Redding da Hornady suna ƙera shi da zare iri ɗaya, mai kaurin inci 7/8 da zare 14 a kowane inci, saboda haka na wannan kamfani yakan hau injin wancan.

Matsi iri biyu ne, lanƙwasawa da tsukewa, kuma bindigar ce ke zaɓa, ba mai aikin ba. Harsasan libarba, kamar .38 Special da .357 Magnum da .44 Magnum, suna da leɓe a gindi, shi ke tsayar da su a cikin ganga, wato sashen bindigar mai juyawa da ake jera harsasai a ciki. Don haka ana iya lanƙwasa bakinsu ya shige cikin tsagin da aka zagaye kan harsashi da shi. Lanƙwasar tana da dalili: duk lokacin da aka harba, bindiga takan zabura baya, kawunan sauran harsasan kuma su nemi zamewa gaba. In ɗaya ya leƙo waje, ganga ta daina juyawa ke nan.

Fistol mai ɗura kanta daban take. Harsashin 9×19, wanda Georg Luger ya tsara a farkon ƙarni na 20, da .45 ACP na John Browning, bakin kwansonsu ne ke tokarar wani ɗan tudu a cikin ɗakin harsashi. In aka lanƙwasa bakin, ba abin da zai tokara. Kwanson zai nutse fiye da kima, allurar bindiga da ke tayar da harsashi ta kasa bugun gindinsa da ƙarfi, ko kuma bakin ya cushe a mashigar bututun bindiga, matsin iska ya haura. Abin da ya dace da su shi ne tsukewa: a miƙar da bakin ya kwanta, gefensa yana nan da kaifinsa, farce na iya jin sa.

A nan ne sababbin hannu suka fi ruɗewa. Suna zaton tsukewa ce ke riƙe kan harsashi, sai su ƙara matsi. Abin da ke riƙe shi damƙar wuyan kwanso ce, wadda aka samar tun a matakin daidaita kwanson, lokacin da aka matse shi ya koma girmansa na asali. Tagulla takan ɗan dawo bayan an matse ta, dalma kuwa ba ta dawowa. In matsin ya yi yawa, kan ya tsuke ya zauna a tsuke, kwanson ya saki, riƙon ya ragu maimakon ya ƙaru. Kan da ya yi sako-sako yakan nutse ciki lokacin da bindiga ke tura shi, wurin albarushi ya ƙanƙance, kuma a ɗan ƙaramin kwanso irin na 9×19 wannan haɗari ne na gaske. Matsi mai yawa yana kuma yanke siririn rufin jan ƙarfe, ko ya tanƙware jikin kwanso.

Ma'auni ne ke raba gardama. Kaurin bakin da aka gama ya kamata ya yi daidai da kaurin kan harsashi haɗe da kaurin bangon kwanso sau biyu. A 9×19, kan yana da milimita 9.01, iyakar baki kuma 9.65, masu aikin sukan tsaya tsakanin 9.55 da 9.60. Hukumar CIP a Turai da SAAMI a Amurka ne ke fitar da waɗannan iyakoki.

Wajen saiti, ana ɗaga harsashin da aka dasa wa kai zuwa ƙarshen hawan injin, a murɗa mamatsin har ya taɓa baki, a sauke, a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a matsa, a auna. Cikakken zagaye yana saukar da shi milimita 1.8, shi ya sa ake tafiya kaɗan-kaɗan. In awo ya yi, sai a ɗaure zoben kulle. Gwaji mai sauƙi shi ne a cire bututun daga jikin bindiga, a jefa harsashin ciki: ya faɗa da kansa, ya fito da kansa in an kife. Ga matsin lanƙwasa, dole a datse kwansuna su zama tsawo ɗaya, domin dogo zai matsu da yawa, gajere kuma bai ma taɓu ba. Raba dasawa da matsi gida biyu ya fi tsabta, tunda in mamatsi ɗaya ke yin duka, baki yana rufewa alhali kan bai gama sauka ba.

Ƙurar hunturu irin ta Garwa da Marwa da Njamena tana karce cikin mamatsi, karcen kuma ya bayyana a jikin kowane kwanso, don haka ana goge kwansuna kafin aiki, a ajiye mamatsin a rufe da ɗan mai. A Kamaru, doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta sa ƙera harsasai da mallakarsu ƙarƙashin izinin hukuma, kuma yin wannan aiki ba tare da izini ba laifi ne da ke kai mutum kurkuku.