Mece ce salansar bindiga?

A wani garejin masu gyaran babur da ke Agege na ji maganar. Wani ɗan acaɓa ya kawo mashin ɗinsa salansa ta fashe, ƙara ta cika layin, sai wani saurayi da ke kallon fim a waya ya ɗago ya ce, "Malam, ai har bindiga ana sa mata salansa, a yi harbi na kusa da kai bai ji ba." Farkon maganarsa gaskiya ne. Ƙarshenta kuwa fim ne ya koya masa, kuma abin na damuna, domin mutane da yawa sun ɗauke shi da gaske.

Salansar bindiga wani bututun ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage ƙarar harbi. Ba haka kawai sunanta ya zo ɗaya da na babur ba. Ba'amurken da ya yi mata rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1909, Hiram Percy Maxim, ya kuma ƙera salansar injuna, kuma dabarar iri ɗaya ce. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ne ya ƙirƙiro bindigar Maxim mai ruwan harsashi, irin wadda Turawan Ingila suka zo da ita yaƙin Sakkwato a 1903.

Idan albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi takan biyo harsashi ta fito da ƙarfi a lokaci guda, wannan fitowar ce ƙarar da kunne ke ji. A cikin salansa akwai ɗakuna-ɗakuna da aka raba da faifan ƙarfe masu huda a tsakiya. Harsashi ya wuce ta hudar, iskar kuma ta tsaya tana zagaya ɗakunan, ta huce, ta fita a hankali. Kamar balan-balan ce: ka soka mata allura ta yi tas, ka kwance bakinta ta saki iska ba hayaniya.

To amma ragin nawa ne? Ana auna ƙara da desibel. Harbin babbar bindiga yakan kai desibel 160 ko fiye, salansa mai kyau kuma takan rage tsakanin 20 zuwa 35. Abin da ya saura, wajen 130 zuwa 140, ya fi ƙarar duk wani janareto da ke kasuwar Idumota ta Legas nesa ba kusa ba. Sannan idan harsashi ya fi sauti gudu, wato ya haura mita 343 a daƙiƙa, yakan yi tasa ƙarar kamar bulala a iska, wannan kam salansa ba ta da yadda za ta yi da ita. Shi ya sa masu sana'ar da dama suka fi kiranta mai rage ƙara.

Ƙirarta aikin masana'anta ce mai lasisi. Da baƙin ƙarfe mara tsatsa, ko taitaniyom, ko alminiyom don ƙananan bindigogi ake yin ta, injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yankawa, wasu kamfanonin kuma yanzu da na'urar da ke gina abu daga garin ƙarfe suke fitar da ita dunƙule guda.

Wajen gwaji ne ake gane ta ƙwarai. Abu na farko shi ne saiti: dole hudojin su daidaita da hancin bindiga ba karkata, domin in harsashi ya goga faifai ɗaya, bututun na iya tsagewa a gaban fuskar mai harbi. Sai awon ƙara. A tsarin da aka saba bi, wanda ya samo asali daga ƙa'idar sojin Amurka, ana kafa makirufo mita ɗaya a hagun bakin bindiga, tsayin mita 1.6 daga ƙasa, a kan ƙara wani daidai kunnen mai harbi. Ba a yarda da harbi ɗaya, ana yin da yawa a ɗauki matsakaici, don na farko yakan fi ƙara saboda iskar da ke kwance a cikin bututun tana taya wuta ci. Daga nan a yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa har ƙarfen ya yi jajir, a bar shi ya huce, a duba walda ko ta tsage, a kuma duba ko harsashi ya kauce daga inda yake sauka a da. Abin da ake nema shi ne ƙarar ta sauko ƙasa da desibel 140, iyakar da in an wuce ta harbi ɗaya na iya lalata ji har abada.

Nan ne amfaninta na gaskiya yake, kare kunne. Mafarauta a Finland da Norway suna amfani da ita sosai saboda kunnuwansu da na karnukansu. Amurka kuwa tun 1934 ta sa ta cikin kayan da sai an yi rajista, ta ɗora mata harajin dala 200 a lokacin. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, ta kuma hana ƙera ta ko gyara ta ba izinin hukuma. Don haka duk makaniki ko mai walda a Legas da wani ya zo masa da bututu da zancen bindiga, ya ce masa a'a tun daga bakin ƙofa, ya kuma sanar da 'yan sanda.