Shawarar abinci ta waya ga mai raunin laka: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa raunin laka da abinci?

Idan lakar ƙashin baya ta samu rauni, a haɗarin mota ko babur ko faɗowa daga bisa, tsokar da ke ƙasa da wurin tana ramewa, jiki ya rage ƙona abinci. A watannin farko mutum yakan zube. Daga baya kuma malmalar tuwon da a da yake ci ya tafi gona, yanzu kitse take zama. Hanji ya yi nauyi, fata ba ta jure kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni a 2021.

Me zai hana a je asibiti kawai?

Wanda ya taɓa kai majinyaci daga ƙauye zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano ya san wahalar: a yi shatar mota, a nemo majiya ƙarfi biyu su ɗaga shi, ya shafe awanni a zaune, wanda shi kansa yana iya buɗe gyambo. Amma a ganina babban amfanin waya shi ne masanin abinci yana ganin kwanon gidan da idonsa. A turo masa hoton abincin kwana uku ta WhatsApp, ya ga yawan sukarin da ke cikin furar, sannan ya yi magana da wadda ke girkin, mahaifiya ce ko matar gida. Ita ce ke riƙe da ludayi, kuma sau da yawa ba ita ake tafiya da ita asibiti ba.

Yaya zai auna ni daga nesa?

Da tef ɗin tela. A riƙa auna kewayen ciki da na damtse duk mako, a rubuta.

Ina da gyambon kwanciya, me zan ci?

Abinci mai gina tsoka. Ga mai gyambo, ana ba da shawarar giram 1.25 zuwa 1.5 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 75 zuwa 90 ke nan, ƙwai ɗaya kuwa kusan giram 6 ne. Saboda haka sai an haɗa da wake, awara, nono, kifi ko ƙuliƙuli. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likita.

Ruwa fa?

Da yawa suna rage sha don kunyar fitsari, abin da ke jawo taurin bayan gida da ciwon mafitsara da tsakuwar ƙoda. Adadin ya danganta da yadda ake fitar da fitsarin, don haka a faɗa wa masanin ko ana amfani da robar fitsari. Zogale da kuɓewa da wake suna sassauta ciki, amma a ƙara su sannu a hankali, tare da ruwa.

Yaushe waya ba ta wadatar ba?

Idan gyambo ya fara wari ko ya zo da zazzaɓi, ko majinyaci yana ƙwarewa in ya haɗiyi abinci. Wanda rauninsa ke wuya ko saman baya kuma, in kansa ya sara farat ɗaya da gumi, jininsa ne ke hawa, galibi saboda cikar mafitsara ko hanji. A zaunar da shi, a sassauta tufafinsa, a duba ko robar fitsari ta toshe, in bai lafa ba a garzaya asibiti.