Waiwaye: Tun yaushe sallamar ɗan wasa ta kasa riƙe shi?

Duk bayan 'yan watanni sai maganar ta sake tashi. A ɗauko hoton wani dattijon ɗan wasan kwaikwayo yana kwance ba lafiya, ko mai gida ya ba shi wa'adin tashi, a watsa a Facebook tare da lambar asusun banki. Nan take jama'a su rabu biyu: masu cewa 'yan fim ba su san darajar na gaba ba, da masu cewa ai lokacin da yake ganiyarsa me ya tanada? A farkon 2022, da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa sallamarta a fim kan kama daga N2,000 zuwa N5,000, an yi makonni ana ka-ce-na-ce kamar ranar ce abin ya faɗo daga sama. Alhali kuwa ya girmi harkar fim ɗin kaset kanta, kuma mu a Zariya mun fi kowa cancantar tunawa, domin a gabanmu aka yi yawancinsa.

Farkon labarin sananne ne. Bahaushe na da tashe da wasan gauta da kalankuwa tun kafin boko. A Zariya aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan hukumar NORLA ta yi aikin buga littattafai a shekarun 1950, a nan makarantu irin su Barewa suka saba wa ɗalibai hawa dandamali. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, a shekarar kuma gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki. A 1975 jami'ar ta soma koyar da wasan kwaikwayo, aka gina mata dandalin wasan nan na ginin laka a Samaru. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. Daga wannan zamani aka samu su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ɗan Zazzau Ƙasimu Yero, wanda Hausawa suka sani da Karambana, sauran Najeriya kuma suka san shi da Gaga a shirin talabijin na Cock Crow at Dawn.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, galibin mutanen wancan zamani ba da wasa suke ci da iyali ba. Wani malamin firamare ne, wani akawu, wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Sabon Gari, wani tela a Tudun Wada, wani ma'aikacin gidan rediyon ne da albashinsa da fanshonsa. Samanja kansa soja ne, kuma ma'aikacin gidan watsa labarai. Wasa abin bayan la'asar ne. Ƙungiya ce ake kafawa a unguwa, da shugaba da magatakarda da ma'aji, kowa na zuba kuɗin mako, a ari ajin makaranta a yi atisaye. In an samu gurbi a talabijin a cika mota a tafi Kaduna, a ɗauka, a dawo da dare. Abin da aka biya na ƙungiya ne. A cire kuɗin mota da na abinci, ragowar a ɗan raba, ko a jefa a asusu. Ba wanda ya ga aibin haka, don ba wanda ya dogara da shi. Ladan ɗan wasa shi ne gobe a kasuwa a nuna shi da yatsa, yara su bi shi suna kiran sunansa na wasa.

A tsakiyar shekarun 1980 ne ƙasa ta zame a ƙarƙashin wannan tsari, kuma nan ne nake ganin ya kamata masu gardama su tsaya su duba. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata a wurare da dama. Daga 1986 darajar naira ta karye. Kuɗin da a da yake kafaɗa da kafaɗa da dala ya koma sai an haɗa kusan huɗu. Albashin malami ya daina kai wata. Gidajen talabijin ma ba su tsira ba: kayan aiki daga waje ake sayowa, sun yi tsada, shiri ya koma sai da mai ɗaukar nauyi, guraben wasan Hausa suka riƙa raguwa. Kaset ɗin ɗauka ya zama abin tattali, har akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Wannan na cikin dalilan da suka sa yau matashi zai ji ana yabon wani dattijo amma ya rasa inda zai ga aikinsa.

To ka dubi halin da ɗan wasa ya tsinci kansa a ciki. Aikin da yake riƙe da gidansa ya raunana ko ya tafi baki ɗaya. Abin da ya rage masa a hannu shi ne fuskar da aka sani da bakin da ya iya magana. Sai abin da yake yi don sha'awa ya zama shi ne tukunyar gida. Amma ƙa'idar biyan ba ta canja ba ko kaɗan. Ta ci gaba da zama ta ƙungiya: ba takarda, ba ciniki, a gama aiki a damƙa maka abin da ya sawwaƙa ka ce an gode. Dattijon da ya shekara ashirin yana karɓar kuɗin mota da fara'a, da wane baki zai tashi rana ɗaya ya yanka farashi? Wanda ya kira shi aikin ƙaninsa ne a ƙungiya, ko yaron da ya koya wa tsayuwa a gaban kyamara. Kunya ta hana shi tambaya, shi kuma yaron girmamawa ta hana shi yin ciniki da babansa. Kowa na ganin mutunci yake kiyayewa, kuma da gaske suke. Sai dai mutuncin nan bai taɓa biyan kuɗin asibiti a Shika ba.

Akwai kuma wani abu da ya ɓace a lissafi tun a lokacin. Yawancin wasannin nan ba a rubuta su kalma bayan kalma. Labari ake shimfiɗawa, a ce kai ne uban yarinya, ka ƙi yarda da auren, sauran kuma ya rage naka. Karin maganar, da habaicin, da yadda mai unguwa ke gyara murya kafin ya yanke hukunci, duk daga cikin ɗan wasan suke fitowa. Sau da yawa ma babbar rigar da rawanin nasa ne ya zo da su daga gida. Wato shi ne rabin marubucin, amma ba a taɓa ƙirga masa wannan a matsayin abin da yake da haƙƙi a kai ba, shi ma bai ƙirga wa kansa ba.

Da fim ɗin kaset ya zo, wannan gado ya tarar. Turmin Danya, da ake ɗauka shi ne na farko, a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta yi shi, Tumbin Giwa ta Kano. Dabi'un ƙungiya suka shiga kasuwa yadda suke. Kasuwar kuwa ta ginu ne a kan kwali: furodusa ya buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa, su kwafi kaset su sayar, kuma fuskar da ke jikin kwalin ita ke jawo mai saye. Da waƙa da rawa suka mamaye fim a ƙarshen shekarun 1990, fuskar ta zama ta saurayi da budurwa. Uba da liman da alƙali da boka suka koma masu fitowa biyu ko uku, a ɗauke su a yini guda a sallame su. Fim ya yi kasuwa ko ya kwanta, nasu ya ƙare a ranar. Ɗan Zariya ma nasa ya fi nauyi, don daga cikin sallamar zai cire kuɗin motar Kano ko Kaduna.

Shi ya sa nake jin zafi in aka ce me ya tanada. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, kuma sunansu ya isa ko'ina. Amma a bayan kowane ɗayansu akwai gomman abokan wasa da ba su taɓa riƙe kuɗin da za a ce a tanada ba. Gidauniyar da ake kafawa in wani ya kwanta alheri ce, Allah ya saka wa masu bayarwa, sai dai tana zuwa ne a ƙarshen hanya.

Yanzu kaset da faifai sun wuce, an koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam. A karon farko ana iya ganin adadin masu kallo a fili, kuma shiri kan ci gaba da kawo kuɗi shekaru bayan an ɗora shi. A Samaru da Gyallesu da Tudun Jukun akwai matasa da dama da ke fitowa a irin waɗannan shirye-shirye a matsayin ɗan sanda ko direba ko yayan amarya, kuma mafi yawansu har yau da baki ake kiransu aiki, a tafin hannu ake sallamarsu da yamma.