Dokar Laifukan Intanet: Shin da gaske za a ɗaure ka don ka tura saƙo?

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a zaurukan WhatsApp, wai gwamnati ta kafa sabuwar doka: duk wanda ya tura labari, ko ya soki gwamna, ko yake riƙe da admin na wani zaure, shekara uku ce a gidan yari, kuma babu beli. A zauren danginmu har wani yayanmu ya sauke kansa daga admin, ya ce ba zai kwana a caji ofis a kan surutun wasu ba. Da daddare kuma gwaggona ta kira ni, hankalinta a tashe: "Ɗan nan, hoton nan na tsadar masara da na tura wa su Hajiya, in goge ko?" Na ce, "Gwaggo, bar shi kawai, babu laifin da kika yi." Saboda ire-irenta na zauna rubuta wannan.

Dokar da ake ta ruruta maganarta, wato Dokar Laifukan Intanet, ba sabuwa ba ce. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, dab da zai bar mulki, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran da Majalisa ta yi mata a watan Fabrairun 2024. Ta hau kan kowa: bankuna, kamfanonin waya, ma'aikatan gwamnati da duk mai waya a hannu. Galibin sassanta ba ruwansu da hira ko muhawara, maganarsu kutse ce cikin kwamfuta, da damfara, da sojan gona, da batsar ƙananan yara. Sashe guda ne ya zame wa jama'a dodo, wato sashe na 24.

Tsoron da mutane ke yi yana da asali. A yadda aka rubuta sashen a 2015, laifi ne ka aika saƙo mai muni ƙwarai, ko wanda ka san ƙarya ne don ka ɓata wa wani rai, ko ka takura shi, ko ka ci masa mutunci, ko ka jefa shi cikin damuwar da ba dalili. To, wane ɗan siyasa ne ba zai ce ransa ya ɓaci ba idan an tono aikin da bai yi ba? Da wannan ƙofar aka riƙa kama 'yan jarida da matasa. Har wata mata a Legas aka kama a watan Satumban 2023, aka kai ta Abuja, don ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci sau biyu, a 2020 da 2022, cewa sashen ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi.

Gyaran 2024 ya share waɗancan kalmomin. Ɓacin rai, takura, cin mutunci, damuwa, duk an cire su. Abin da ya rage a kashin farko na sashen abu biyu ne: aika batsa, da aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin rushe doka da oda ko jefa rayuka cikin haɗari.

A tsaya a nan, domin a nan jita-jitar ta ɓata hanya. Kafin a kama mutum da laifi na biyun, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar wa alƙali cewa maganar ƙarya ce, kuma wanda ya tura ya san ƙarya ce, kuma ya tura ta ne da niyyar tada fitina ko sa ran wani a haɗari. In ɗaya cikin ukun nan bai tabbata ba, tuhuma ta rushe. Wanda ya ce hanyar garinsu ta lalace, kuma ta lalace ɗin, gaskiya ya faɗa. Wanda ya ce shugaban ƙaramar hukumarsu ya gaza, ra'ayinsa ne. Amma wanda ya ɗauko tsohon bidiyon rikicin wata ƙasa, yana sane, ya rubuta a kai cewa ga yadda ake kashe 'yan Arewa yau a Kudu, ku tashi ku rama, wannan shi dokar take nema, kuma ni ba na tausaya masa. Mun ga yadda irin wannan saƙo ke sa a tare hanya a far wa matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba.

Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Wato shekara ukun da mai saƙon muryar ke ambato ita ce ƙololuwa, alƙali na iya yanke ƙasa da haka. Dokar ba ta hana beli ba. Kuma Babbar Kotun Tarayya ce aka ba hurumin shari'ar, ba ɗan sanda ke yanke hukunci a kan teburinsa ba.

Hukunci mai nauyi yana kashi na biyu na sashen ne, kuma shi ba wanda ke maganarsa. Wanda ya yi wa wani barazanar kisa ko duka ko garkuwa da shi ta waya, yana iya samun shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyun. Wanda ya yi barazanar zubar wa wani mutunci don ya tatse shi, shekara 5 ko tarar da ba ta gaza miliyan 15 ba, ko duka biyun. Ina so 'yan'uwanmu mata su ji wannan da kyau. Tsohon saurayin da ke cewa ki turo kuɗi ko ya watsa hotunanki, shi ne mai laifi a idon doka. 'Yan mata da yawa suna haɗiye wannan baƙin ciki su kaɗai saboda kunya, ba su san doka na bayansu ba. Kada ki goge saƙonnin, su ne shaidarki.

Maganar admin kuwa, babu inda dokar ta ce riƙe zaure laifi ne. Abin da ke akwai shi ne sashe na 27, mai hukunta haɗa baki da taimaka wa mai laifi. Admin ɗin da aka shirya ƙaryar da shi, ko shi ma ya watsa ta yana sane, ya shiga ciki saboda abin da hannunsa ya aikata. Duk da haka hankali ya ce in ka ga saƙon tunzura jama'a a zaurenka, ka goge shi, ka ja kunnen mai shi.

Kada kuma wani ya ɗauka zagi ya halatta. Dokar Penal Code da ke aiki a Arewa tana nan da laifin ɓata suna. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta game da Aisha Buhari, aka tuhume shi da ɓata suna, daga baya aka janye ƙarar.

Gyaran da aka yi ya rage mugun abu, amma ni ban gamsu ba. Mene ne "rushewar doka da oda"? Dokar ba ta fayyace ba, kuma abin da ba a fayyace ba mai ƙarfi ne ke fassara shi. Wata biyu kacal bayan gyaran, ranar 1 ga Mayun 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas kan rahoton da ya yi game da kuɗin wata kwangilar gwamnati, aka kai shi Abuja, ya yi fiye da mako a tsare. Ko da mutum zai yi nasara a kotu, kafin nan ya kwana a ƙasa, iyalinsa sun sayar da abin da suke da shi sun biya lauya. Wannan wahalar ce mutane ke gudu, shi ya sa jita-jita ke saurin kama su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda ake kai ƙarfin hukuma. Gwamnati ce ta tura mu intanet da kanta. Tun Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ɓatan dabo, har mai kayan miya sai da ya koyi karɓar tiransifa. A watan Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su cire harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari, naira 500 ke nan a kan dubu 100, bisa sashe na 44 na wannan dokar dai, sai da jama'a suka yi ca aka janye umarnin cikin mako biyu. Wanda aka tilasta masa ajiye guminsa a waya, abin da ya fara buƙata daga hukuma shi ne ta kare masa shi.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai. Wani ya kira ta, da Hausarsa tsaf, ya ce daga banki ne, za a rufe mata asusu in ba ta karanto lambar da aka turo mata ba. Ta karanto. Kafin ta sauke kasko, kuɗin adashinta na wata biyar sun tafi. Sashe na 14 ya hukunta damfara, na 22 ya hukunta sojan gona, duk a cikin dokar nan. Na raka ɗanta muka kai ƙorafi, muka ba da lambar da aka kira ta da ita, aka ce mu je za a neme mu. Watanni ke nan ba wanda ya neme mu, ita kuma ta koma ƙulle kuɗinta a bakin zane.