Gidan Makama na Kano

Gidan Makama tsohon ginin ƙasa ne a cikin birnin Kano, dab da Gidan Rumfa wato fadar Sarki, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne.

Ana cewa an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki wajen 1463, to amma shekarar ginin takamaimai masana ba su haɗu a kanta ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun ɗan yi ofis a ciki, daga baya aka raba gidan, wani ɓangare makaranta, wani gidan tarihi, wani kuma aka bar wa Makama. A cikin kayan da aka ajiye har da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa.

Ginin da tubali aka yi shi, irin mai kan nan a tsuke da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, rufin kuma azara ce ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, an ɗora ta kan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, shi ya sa ɗakunan ke da faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Gyaransa aikin magina ne na gado. Kafin damina sai a kankare inda ya zaizaye a sake yaɓe, a duba indararo kada ruwa ya kwanta a saman soro, sannan a shafe bango da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. A rufi kuwa laso ake sawa, haɗin katsi, wato guggubin da ke kwantawa a ramin rini na marina, da gashin awaki daga majema da ruwan tsiron dafara. Matsalar ita ce marina sun ragu sosai, katsin ma sai an nema, wasu sai su koma liƙa siminti kan ƙasa, shi kuwa siminti riƙe danshi yake a ciki har bangon ya ruɓe ta ciki ba a gani ba, wannan ɓarna ce babba ga gini irin wannan.

Ta fuskar doka, an ayyana gidan cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, yana kuma hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, dokarta ta hana rushewa ko sauya fasalin ginin ba da izininta ba. Kuɗin gyara ne dai ake yawan kokawa a kai.