Hunturu ya kama: mu mayar wa ɗakunanmu danshi

Da zarar Disamba ya shiga, ƙorafin iyaye mata a asibiti kusan iri ɗaya ne: yaro ya tashi da haɓo, leɓe ya tsattsage, busasshen tari ya hana kowa runtsawa. Sai a ce sanyi ne. Sanyin na da nasa laifin, amma bushewar iska ta fi shi ɓarna.

Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta iso mana Kano ƙamas. Danshin da ake so a ɗakin kwana shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, namu kuwa a Janairu da Fabrairu yakan faɗi ƙasa da 20 da rana. Cikin hanci akwai laima mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. In ta ƙafe, fatar wurin ta tsage, cuta ta samu ƙofa. Wannan na cikin dalilan da sanƙarau ke tashi da rani, kuma wanda ya ga annobar 1996 a garin nan bai manta ba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A jiƙa tawul ko zani, a matse, a rataye a ɗaki kafin a kwanta. A ajiye ruwa a faffaɗan kwano, don faɗin bakin ne ke sa ruwan ya bi iska. A ɗora shi inda mai rarrafe ba zai kai ba, a canza kullum saboda sauro. Randar da muka fitar daga ɗaka ma tana yin ɗan wannan aikin, tunda jikinta na tsatsafo. Kafin shara a yayyafa ruwa, kayan ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Mai na'urar fesa danshi ya riƙa wanke ta, kada kuma ya bar ta har bango ya jiƙe, domin fumfuna na tayar da asma kamar yadda ƙura ke yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kaskon gawayi. Mutane kan toshe taga, su rufe ƙofa, su kwana da garwashi. Ɗumin na ƙara busar da ɗakin, sannan gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Don Allah Hajiya, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a ƙara wa yara bargo. Turaren wuta ma a rage shi inda jariri ko mai asma yake.

A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, musamman masu sikila. A shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya da zarar an fito wanka. In haɓo ya zo, kada a ɗaga kan yaro sama: ya zauna ya ɗan sunkuya, a matse tattausan wurin hancin minti 10. In jinin ya ƙi tsayawa, ko aka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a tafi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne.